Dubai Ba Ta Cire Haraji A Albashi, Amma Ɗaukar Yaron Shago A Can Ba Arha Ba Ne

Daga Kantin Kwari zuwa Farm Centre, har ofisoshin masu kago da ke jigilar kaya ta jirgi, magana ɗaya ce ke yawo a kan Dubai: ƙasa ce da ba a biyan haraji. Maganar ba ƙarya ba ce. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke ciki, ba ta taɓa ko sisi a albashin ma'aikaci da sunan haraji. Wanda aka yi da shi a kan dirhami 5,000 a wata, dirhami 5,000 ɗin zai gani. A Kano kuwa, kamfani mai bin doka sai ya cire wa hukumar tara haraji ta jiha rabonta, ya cire kashi 8 cikin 100 na fansho daga kuɗin ma'aikaci, ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa, sannan ya biya kashi 1 ga asusun NSITF na diyyar rauni a wurin aiki.

Shi ya sa ɗan kasuwar da ya gaji da zirga-zirga, yake son kafa ɗan ofis a unguwar Deira ya ajiye yaro guda mai karɓar saƙo, ya duba kaya, ya kai su wurin masu kago, yakan ɗauka lissafin bai wuce kuɗin haya da albashi ba. A nan ake yin tuntuɓe. Gwamnatin can ba ta yafe komai ba. Abin da wasu ƙasashe ke karɓa a matsayin haraji su yi wa ma'aikaci hidima da shi, ita sai ta ɗora hidimar kai tsaye a wuyan mai ɗaukar aiki: shi ne asibitin yaron, shi ne fanshonsa, shi ne kuɗin jirginsa na komawa gida.

Kafin ya ɗaga kwali ɗaya

Kusan mutum tara cikin goma na mazauna ƙasar baƙi ne, kuma yawancinsu zamansu a rataye yake da takardar aiki. Don haka ɗaukar ma'aikaci a can harka ce ta shige da fice kafin ta zama harkar albashi. Sai kamfani ya sami lasisi, ya yi rajista da ma'aikatar ƙwadago da ake kira MOHRE a taƙaice, ko kuma da hukumar yankin ciniki na musamman idan a irin su Jabal Ali ko DMCC ya yi rajista. Daga nan a rubuta wa ma'aikaci takardar tayin aiki ya sa hannu, a nemo masa izinin aiki, a yi masa gwajin lafiya, a ɗauki hoton yatsunsa don katin Emirates ID, sannan a buga masa izinin zama, wanda galibi na shekara biyu ne. Shekara biyu na cika a sake sabon zagaye. Akwai mutanen da wannan safa da marwa tsakanin ofisoshi ita ce sana'arsu kacokan. PRO ake ce musu, kuma su ma ba kyauta suke yi ba.

Duk wannan ɗawainiya ta mai ɗaukar aiki ce. Dokar ƙwadago mai lamba 33 ta 2021, wadda ta fara aiki ranar 2 ga Fabrairu 2022, ta hana a caji ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa aiki, kai tsaye ko ta bayan fage. Wato salon nan na "na biya maka biza, zan riƙa cira a hankali" laifi ne. Haka ma riƙe fasfon yaro a durowa don kada ya gudu.

Hanyar da ta fi jan hankalin mutanenmu ita ce mafi haɗari. A shigo da ƙani ko ɗan ɗaki da bizar ziyara, ya riƙa zama a shago, in kwanakinsa sun kusa ƙarewa ya fita ya dawo. Tun ranar 31 ga Agusta 2024, tarar sa mutum aiki ba tare da izini ba tana farawa ne daga dirhami 100,000, tana iya kai wa miliyan ɗaya. An ɗaure dirhami da dala a kan kusan 3.67 tun 1997, don haka mafi ƙarancin tarar ta haura dala 27,000. Jarin ƙaramin ɗan kasuwa ke nan gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafi 'yan Najeriya su kaɗai. A 2022 hukumomin Daular suka dakatar da ba su biza, jirgin Emirates ma ya daina zuwa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a Najeriya. Sai a Yulin 2024 ministan yaɗa labaran Najeriya Mohammed Idris ya sanar da ɗage takunkumin, jirgin ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba na shekarar. Darasin da ke ciki ga mai ofis a can shi ne, ba kullum zai iya kawo nasa daga gida ba. Wata rana dole ya ɗauki Ba'indiye daga Kerala, ko ɗan Pakistan, ko ɗan Bangladash, mutumin da bai san kara irin tamu ba, bai kuma zo don a yi masa aure ba. Abin da aka rubuta shi ya sani.

Albashi ba ya bi ta hannun mai canji

Kasuwancin Kano da Dubai ya daɗe yana tafiya a kan amana. A ba mai canji naira a Wapa, a kira waya, wani ya miƙa dirhami a unguwar Naif ta Dubai kafin la'asar. Kaya ana iya saye ta haka, da duk haɗarin da ke ciki. Albashi kuwa ba ya yiwuwa.

Tun 2009 ƙasar ta kafa tsarin kare albashi da aka fi sani da WPS, haɗin gwiwa tsakanin ma'aikatar ƙwadago da babban banki. Kowane wata kamfani zai tura kuɗin ma'aikata ta banki ko ta gidan canjin da aka amince da shi, haɗe da jerin sunaye da adadin da kowa ya samu. Kwamfutar ma'aikatar tana gwama abin da ya shiga da abin da ke cikin kwantiragi. Idan albashi ya yi jinkiri ya wuce wa'adi, ba sai kowa ya kai ƙara ba: za a toshe wa kamfanin damar neman sabon izinin ɗaukar ma'aikata, tara ta biyo baya, in abin ya yi nisa a miƙa shi ga masu gabatar da ƙara.

Ma'anar wannan ita ce, maigida na iya damƙa wa yaronsa kuɗi a hannu, yaron ya ƙirga ya yi godiya, amma a idon hukuma ba a biya shi ba. Kuma cewa "kasuwa ta yi sanyi, ka yi haƙuri zuwa bayan Sallah" ba ta da gurbi a cikin kwamfuta. Hatta bashin da yaro ya ci, ba yadda maigida ya ga dama zai cire ba. Doka ta iyakance, kuma duk abin da za a cire a wata ba zai haura rabin albashi ba.

Ga wanda ribarsa ke shigowa da naira akwai wani ciwon kan daban. A Mayun 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni, farkon 2024 ya same ta sama da 1,500. Yaron da ke Deira bai sami ƙarin ko dirhami ɗaya ba, amma albashinsa a littafin Kano ya ninka sau uku.

Bashin da ke girma ba a ji

A gida mun san yadda ake yi. Yaro ya zauna a ƙarƙashin ubangida shekara da shekaru. In an tambaye shi nawa yake so, ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, duk abin da ka ba ni." Ubangida ya ciyar, ya tufatar, ya kai uwar yaron asibiti, ya yi masa lefe, ranar da ya ga ya isa ya yanka masa jari ya sallame shi. Tsarin nan ya fitar da attajirai da yawa, ba abin rainawa ba ne. Rauninsa ɗaya ne: komai ya dogara ga halin ubangida, da kuma ya kasance yana raye kuma yana da shi a ranar sallamar.

Dubai ma tana da kuɗin sallama, sai dai nata a rubuce yake da alƙalami. Baƙon ma'aikaci ba shi da fansho, don haka doka ta ce duk wanda ya cika shekara guda yana aiki, ranar rabuwa za a biya shi ladan kwana 21 a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, da ladan kwana 30 a kan kowace shekara bayan haka. Jimillar ba za ta wuce albashin shekara biyu ba, kuma a biya cikin kwana 14 da ƙarewar aiki. A tsohuwar doka ana rage wa wanda ya ajiye aiki da kansa kafin wani lokaci. Sabuwar ta kawar da wannan. Ko korarsa aka yi ko shi ya ce ya gaji, lissafin ɗaya ne.

Wurin da wayo ke shiga shi ne, ana lissafin ne da tushen albashi kawai, ban da alawus na gida da na mota. A ɗauka an yi da mutum a kan dirhami 5,000. Idan aka rubuta 3,000 tushe, 2,000 alawus, ladan kwanansa ɗaya 100 ne. Shekara biyar na farko za su ba shi 10,500, ƙarin shekara biyu su ba shi 6,000, wato 16,500 bayan shekara bakwai. Idan kuwa duka 5,000 ɗin aka rubuta a matsayin tushe, zai tashi da 27,500. Aiki ɗaya, kuɗin wata ɗaya, amma bambancin dirhami 11,000 saboda layi biyu a cikin kwantiragi. Manyan kamfanoni sun san wannan sarai, shi ya sa za ka ga tushen albashi a ƙanƙance. Ma'aikacin da ya sa hannu yana kallon jimilla kawai, sai ranar tafiya yake ganewa.

Shi ma mai ɗaukar aiki akwai ramin da ke jiransa. Kuɗin sallama ba ya bayyana a kowane wata, don haka mantawa da shi abu ne mai sauƙi. Ga shi kuma ana lissafa shi da albashin ƙarshe, ba na farko ba. Duk ƙarin da aka yi wa yaro yau, ya koma baya ya kumbura bashin shekarun da suka wuce. Yara uku su ajiye aiki a wata guda, sai ƙaramin kamfani ya durƙusa. Kyautar da Alhaji ya yi da Sallah, ko kujerar Umara da ya biya wa yaron, alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ba za su zama madadin wannan haƙƙi a gaban alƙali ba.

Cibiyar hada-hadar kuɗi ta DIFC da ke Dubai, wadda ke da dokar aiki tata daban, ta sauya salo a Fabrairun 2020. Maimakon a jira ranar rabuwa, kamfani zai riƙa zuba kashi 5.83 cikin 100 na tushen albashi kowane wata a wani asusu mai suna DEWS, ya koma kashi 8.33 bayan shekara biyar. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta buɗe makamancinsa ga sauran kamfanoni, amma na ganin dama. A nawa ganin, ko mutum bai shiga ba, ya kamata ya ari lissafin: ya ware wannan kaso kowane wata a asusun da ba ya taɓawa don sayen kaya. Ɗan kasuwa dai an san shi, kuɗi ba sa kwana a gabansa alhali ga haja mai arha.

Sauran haƙƙoƙin ba su da sarƙaƙiya, tsada ce kawai. Hutun shekara kwana 30 da cikakken albashi. Hutun rashin lafiya har kwana 90, inda 15 na farko ake biya duka, 30 na gaba rabi, ragowar babu. Hutun haihuwa kwana 60, 45 daga ciki da cikakken albashi. Aiki awa takwas a rana, 48 a mako, abin da ya haura a biya da ƙarin aƙalla kashi 25 cikin 100. Da azumi ana rage awa biyu kullum ba tare da an taɓa albashi ba. Inshorar lafiya wajibi ce a kan kamfani. Abu Dhabi da Dubai sun daɗe da ita, daga 1 ga Janairu 2025 kuma ta game sauran masarautun. Abu ɗaya da ma'aikaci ke biya da kansa shi ne inshorar rasa aiki da aka fara a 2023, dirhami 5 a wata ga mai tushen albashin da bai wuce 16,000 ba, 10 ga wanda ya haura. Idan ya rasa aikin ba da laifinsa ba, za a ba shi kashi 60 cikin 100 na tushen har wata uku.

Kada a ɗauka ma'aikaci ya zama sarki. Dokar ba ta yanke wa baƙi wani adadi na mafi ƙarancin albashi ba, babu ƙungiyoyin ƙwadago, kuma ranar da aka soke izinin aikinsa, agogon barin ƙasa ya fara bugawa. Mutumin da zamansa ke hannun maigidansa yakan haɗiye abubuwa da yawa kafin ya buɗe baki. Amma idan ya buɗe, ƙofar na nan. Tun farkon 2024 ma'aikatar ƙwadago na da ikon yanke hukunci da kanta a kan duk taƙaddamar da ba ta wuce dirhami 50,000 ba, ba sai an je kotu ba, kuma ma'aikaci na da shekara biyu bayan rabuwa ya nemi haƙƙinsa.

Idan kamfani ya girma

Wanda Allah ya buɗa wa har ma'aikatansa suka yi yawa zai ci karo da wani shafin. Ɗan ƙasa, saɓanin baƙo, yana da fansho, kuma kamfani na zuba masa: kashi 12.5 cikin 100 a tsohon tsari, kashi 15 a dokar 2023 ga sababbin shiga, kodayake gwamnati na ɗaukar wani ɓangare ga masu ƙaramin albashi. Ɗaukarsu kuma ba zaɓi ba ne. Kamfanin da ke ƙarƙashin MOHRE mai ma'aikata 50 zuwa sama dole ya riƙa ƙara 'yan ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ƙwararrun ma'aikatansa kowace shekara, da burin kai wa kashi 10 a ƙarshen 2026. Tarar kowane gurbi da ba a cike ba ta fara daga dirhami 6,000 a wata, tana ƙaruwa da 1,000 duk shekara. Daga 2024 aka sauko da dokar kan kamfanoni masu ma'aikata 20 zuwa 49 a wasu sassa 14 na tattalin arziki.

Harajin ma da ake cewa babu, yanzu akwai shi, ba a albashi ba ne kawai. Harajin kayan masarufi na kashi 5 cikin 100 ya fara a Janairun 2018. Harajin kamfanoni na kashi 9 a kan ribar da ta haura dirhami 375,000 ya fara daga Yunin 2023. Albashi na cikin abin da ake cirewa kafin a lissafa riba, wanda ke nufin mai biyan yaransa a ɓoye yana cutar kansa sau biyu. Shi kuma ma'aikaci mai haya a Dubai yana biyan kashi 5 cikin 100 na kuɗin hayarsa ga hukumar birni, a rarrabe cikin takardar kuɗin wuta da ruwa. Sunansa dai ba haraji ba ne.

To, wanda ba ya son buɗe kamfani a can fa, yana son mutum guda kawai? A 'yan shekarun nan an sami kamfanonin da wannan ce sana'arsu, irin su Deel da Remote, dukansu an kafa su a 2019. Su ne za su ɗauki ma'aikacin a takarda a ƙasar da yake, su biya albashi da inshora bisa dokar wurin, su turo maka takardar kuɗi haɗe da ladansu, kai kuma ka ba shi aikin yi. Suna sauƙaƙa wahalar takardu ƙwarai. Amma ba sa rage ko ɗaya daga haƙƙoƙin da aka lissafa, ƙari ma suke yi. Kuma akwai abin da ba sa iya karewa: idan mutumin naka ya saba ƙulla ciniki da sunan kamfaninka a can, hukumar haraji na iya ɗaukar cewa kamfanin yana da mazauni a ƙasar, ta nemi rabonta daga ribar, ko da ba ka kafa allo a ko'ina ba.

Kuskure ne kuma a ɗauki darasin Dubai a tsallaka da shi Jidda. Saudiyya ma ba ta cire haraji a albashi, amma tana karɓar riyal 700 zuwa 800 a wata daga kamfani a kan kowane baƙon ma'aikaci, da kashi 2 cikin 100 na inshorar haɗarin aiki, kuma kuɗin sallamarta rabin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata bayan haka. A Ghana kuwa, inda Hausawan zango ke da shaguna tun kaka da kakanni, tsarin ya fi kama da na Najeriya: harajin albashi, sannan kashi 13 cikin 100 daga kamfani da 5.5 daga ma'aikaci don fansho. Ƙa'idar da ta haɗa su duka ita ce, dokar wurin da ake yin aikin ce ke hukunci, ba ta garin maigida ba, ba kuma ta garin da aka yi alkawari ba.

Gida ma na da tambaya

Saura ɓangaren da aka fi mantawa da shi. Rashin haraji a Dubai ba ya nufin Najeriya ta cire ido. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni 2025, suka fara aiki a Janairun 2026. Sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, mafi girman mataki kuma kashi 25 ne cikin 100. Wanda doka ta ɗauka mazaunin Najeriya ne, ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko'ina a duniya. Kwana 183 cikin wata goma sha biyu na ɗaya daga cikin ma'aunan, amma ba shi kaɗai ba. Ana duba inda gidansa na dindindin yake, da inda iyalinsa da harkokinsa suke.

Wannan ya fi shafar irin ma'aikacin da 'yan kasuwarmu suka fi amfani da shi, mai ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can: wata biyu a Deira yana haɗa kaya, wata uku a Kano yana karɓar kuɗi, matarsa da 'ya'yansa na Fagge ko Kurna. A Dubai sai da izinin aiki da WPS da inshora. A Kano kuma hukumar haraji na iya cewa nata ne. Sau da yawa abin da ke ceton mai albashi daga biya sau biyu shi ne ya nuna takardar harajin da ya riga ya biya a waje a rage masa. Wanda ke karɓar albashi a Dubai ba shi da irin wannan takarda, tunda can ba a cire masa komai ba.